Cututtukan da ke kwance cikin ƙasa: yadda ake gano su da tare musu hanya a gandun daji da wuraren renon itatuwa na jahar Maraɗi

Kowace shekara, ranar 3 ga Agusta, ana kwaso ƴan itatuwa cikin ledoji daga wuraren reno a dasa su a makarantu, bakin hanyoyi da gandun daji. Kafin ɗari ya shigo, da yawa sun bushe. Laifin yakan faɗa kan awaki, ko gara, ko rashin ruwa, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai waɗanda aka kewaye da ƙaya, aka shayar safe da marece, duk da haka suka mutu. Idan ka tono irin waɗannan, saiwar ce za ka tarar ta yi baƙi, ko ta kumbura, ko ta ruɓe tun daga wuya. Abin da ya kashe su cikin ƙasa yake. Wani lokaci ma a cikin ledar aka kawo shi.

Wannan jagora na mai gadin gandu ne, da mai renon dashe, da ƙungiyar gari da ta killace wani yanki don ya farfaɗo, da ɗalibin da ke neman aikin bincike. Abu ɗaya nake so a riƙe tun yanzu: ba a raba ƙasar daji da ƙwayoyin cuta, kuma babu dalilin neman hakan. Aikin shi ne ka san waɗanda suke wurin tun asali, ka hana baƙi shigowa.

Su wane ne a ƙarƙashin ƙafarmu

A ƙasarmu rukuni biyu ne manya, kuma halinsu ya saɓa wa juna. Wanda bai bambance su ba zai yi maganin da zai ƙara ɓarna.

Na farko masu son ruwa ne: Pythium da Phytophthora. Ido yana ɗaukarsu fumfuna, amma danginsu daban. Suna fitar da ƴaƴa masu iyo cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa har su iske saiwa. Gidansu fadama, bakin tabki, da duk ledar da ruwa ke kwana a ciki. Su ne ke kwantar da tsiro yana ɗan kwana biyar ko goma. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji ya sake komawa, kuma duk lakar da ya ɗauko a sama yakan sauke ta a ƙasa tare da abin da ke cikinta.

Na biyu mai son zafi da fari ne, fumfunar da masana ke kira Macrophomina phaseolina. Tana kama tsirrai fiye da iri 500, manoman wake da gujiya da riɗi sun san ɓarnarta ko da ba su san sunanta ba. Tana ajiye ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe cikin ƙasa da busassun karare, su yi shekaru suna jira a busasshiyar jigawa. Tsiro mai ƙoshin ruwa yakan zauna da ita lafiya. Sai ruwan sama ya ɗauke tsakiyar damana, ƙasa ta yi zafi, tsiro ya galabaita, sannan ta ci ƙarfinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsakanin waɗannan biyu akwai sauran. Fusarium oxysporum tana shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa na kara; tana da rassa sama da 100, kusan kowane da irin shukar da yake kamawa, shi ya sa mai kashe tumatir ba lalle ta taɓa wake ba. Rhizoctonia tana cin wuyan tsiro. Sclerotium rolfsii tana shimfiɗa farin zare a gindin shuka. Akwai bakteriyar Ralstonia da ke sa tumatir da tattasai da yalo su yi yaushi ganyensu na kore shar. Akwai tsutsar saiwa, Meloidogyne, wadda ƴaƴanta sirara ne da tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba, mace guda na zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi cikin mako uku zuwa huɗu sabon zubi ya girma. Ta fi jin daɗin ƙasa mai yashi da ake yi wa ban ruwa, wato irin garakenmu. A Senegal an gano tun 1978 cewa saiwar kuka ma tana riƙe ta, don haka itacen da ke tsaye cikin lambu na iya zama ma'ajiyarta ba tare da ya nuna ciwo ba. A manyan itatuwa kuma akwai Ganoderma, wadda ke ruɓar da saiwa da gindi a hankali, sai bayan shekaru ta fito da wani faifai mai tauri, ja-ja a sama fari a ƙasa, manne da gindin. Ƙuduji ba ƙwayar cuta ba ne, tsiro ne mai tsotsar saiwa, amma tunda irinsa na kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10, duk mai bincike ya rubuta shi idan ya gan shi.

To don me ba za a kashe su duka ba? Saboda a daji suna da aiki. A 1970 da 1971 masana biyu, Daniel Janzen da Joseph Connell, kowane da kansa, sun kawo bayanin cewa abokan gabar itace sun fi taruwa a gindin uwarsa, shi ya sa ƴaƴan da suka faɗi nan kusa ke mutuwa, waɗanda iska ko dabba ta kai nesa su rayu, wasu irin itatuwa kuma su samu fili. A shekarar 2000 an nuna haka a Amurka da wani itacen daji, kuma Pythium ce ke yin aikin. Wato cutar da take ƴar gida tana cikin abin da ke hana iri ɗaya mamaye daji. Har cikin rassan Fusarium akwai wanda ƙuduji kaɗai yake kashewa, ana ma amfani da shi a gonakin Kenya.

Baƙuwa ce abin tsoro. A kudu maso yammacin Ostareliya, Phytophthora cinnamomi ta bazu ta ƙafafun motoci da ƙasar da ake kwasa don gyaran hanya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na tsirran asalin yankin ba sa jure mata. A Kalifoniya an gano Phytophthora tentaculata a wurin reno a 2012, daga baya aka same ta a jikin dashen da aka kai wuraren da ake farfaɗowa. Masu gyaran daji da hannunsu suka shigar da ita. Babu abin da zai hana irin wannan faruwa a wurinmu, in ana ɗibar lakar garka ana cika ledoji.

Mataki na farko: izini, sannan a raba wurin

Gandun gwamnati ba a shigarsa a haƙa ƙasa sai da sanin ma'aikatan gandun daji. Gadabeji, mai hekta 76,000, an killace shi tun 1955, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin jerinta na wuraren kare halittu a 2017. Tabkin Madarumfa ya shiga yarjejeniyar Ramsar, ta kare tabkuna da fadamu a duniya, a 2019. Irin waɗannan wurare suna da dokokinsu. Dajin Baban Rafi da ke kan iyaka kuma, ban da izini akwai batun tsaro: a tambayi hukuma da mutanen gari kafin a sa ƙafa, idan sun ce a dakata a dakata. Filin gari kuwa, a fara da gaishe da maigari.

Bayan haka ka zagaya wurin da ƙafa, ka zana shi a takarda. Kada ka raba shi da layi madaidaici. Bi yadda ƙasar take. Jigawa daban, geza daban, fadama daban, fako daban. Ka ware bakin hanyar mota, da burtali, da mashayar dabbobi, da gefen da ya haɗa iyaka da gonaki, da duk inda aka taɓa yin dashe ko aka haƙa ramukan tara ruwan sama, wato tassa da rabin wata, aka zuba taki. Nan ne ƙofofin da baƙuwar cuta ke shigowa. Tsakiyar dajin da ba a taɓa ba shi ne ma'auninka.

Lokaci yana da muhimmanci. Masu son ruwa a Agusta ake kama su. Tsutsar saiwa da Macrophomina sun fi bayyana daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Wanda ya je a Afrilu ya ɗebo busasshen yashi zai dawo ya ce ƙasar lafiya lau.

Mataki na biyu: a karanta tsiron kafin a taɓa ƙasa

Nan ne ya fi cancanta a ɓata lokaci, domin rabin amsar a nan take. Ka tafi da wuƙa mai kaifi, da pelu ko ƙaramar hauya, da kofin gilashi, da ruwa mai tsabta.

Fara duba yadda mutuwar ta kwanta. Idan fili guda ne ya bushe gaba ɗaya lokaci ɗaya, kowane irin tsiro a ciki, to ka fi zargin fari, ko wuta, ko gishirin ƙasa. Cutar ƙasa takan fara daga wuri ɗaya ta yi ta faɗaɗa, ko ta bi hanyar da ruwa ke gangarawa, ko ta bi gefen hanya, kuma takan zaɓi wasu irin ta bar wasu.

Kada ka tono wanda ya daɗe da mutuwa. Gawar tsiro cike take da fumfunar da ta zo cin mushe, za ta ruɗe ka ta ruɗe ɗakin bincike. Nemi wanda ke bakin da'irar, mai ciwo amma da sauran rai. Kuma kada ka fizge shi; haƙa ka ɗago shi da ƙasarsa, ka wanke saiwar a hankali. Ka tono mai lafiya irinsa ka ajiye kusa don kwatance.

Yanzu duba. Idan tsiron ƙarami ne, wuyansa ya sirance ya yi ruwa-ruwa ya faɗi, Pythium ce ko Rhizoctonia. Kama ƙaramar saiwa tsakanin yatsu biyu ka ja: in fatar ta zame ta bar zare a tsakiya, masu son ruwa ne. Idan gindin ya bushe ya yi toka-toka, kankare ɓawon da wuƙa. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar garin gawayi a ƙarƙashinsa alamar Macrophomina ce. Farin zare a gindi tare da ƴan ƙwallaye ƙanana, farare da fari daga baya su koma ruwan ƙasa, Sclerotium ce. Tsaga karan a tsaye: layi mai ruwan ƙasa da ke hawa ta ciki, musamman in gefe ɗaya na tsiron ne ya fara rawaya, yana nuna Fusarium.

Gwajin bakteriya yana da sauƙi har mutum ya yi mamaki. Yanke guntun kara daga kusa da gindi, ka rataye shi bakinsa ya nutse kaɗan cikin ruwan kofin, ka ajiye inda haske ke ratsawa, kada ka girgiza. Cikin ƴan mintoci, in Ralstonia ce, za ka ga farin abu yana zubowa daga bakin yankan, siriri, yana sauka a hankali zuwa ƙasan kofin. Fusarium ba ta yin haka.

Sai batun ƙulli a saiwa, inda mutane da yawa ke kuskure. Gawo, bagaruwa, dakwara da wake suna da ƙulli mai amfani, wanda bakteriyar kirki ke zama a ciki tana ba su abinci daga iska. Wannan a gefen saiwa yake manne, in ka murza da yatsa zai ɓalle, in ka fasa cikinsa ja-ja ne. Ƙullin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai ka karya ta. Kada a zubar da ledojin gawo saboda ƙullin da arziki ne.

Gara kuma sau da yawa bayan ɓarna take zuwa. Ganin ta a saiwa bai isa a ce ita ta kashe ba.

Mataki na uku: ɗibar ƙasa

A kowane yanki da ka ware, ka bi shi a karkace, hagu da dama, ka ɗiba wuri 15 zuwa 20. Share ganye da busasshen yashin sama, ka ɗebo daga santimita 5 zuwa 25, inda ƙananan saiwoyi suke. A gindin babban itace, kada ka manne da kututture. Je ƙarƙashin bakin inuwarsa, nan saiwoyin ci suke. Haɗa duka cikin bokiti mai tsabta, cakuɗa, ka ɗauki kamar kilo ɗaya tare da guntayen saiwa. Ƙasar wurin ciwo da ta wurin lafiya ba sa haɗuwa a leda ɗaya, ko da taku goma ne tsakaninsu.

Fara da yanki mai lafiya ka ƙare da mai ciwo, kuma ka goge pelu da takalmi tsakanin yanki da yanki, in ba haka ba kai ne za ka zama mai yaɗawa. A rubuta takarda da fensir, ɗaya cikin ledar ɗaya a waje: rana, wuri, irin ƙasa, itatuwan da ke kusa, abin da aka gani. In salularka na nuna lambobin wuri, rubuta su, ka ɗauki hoto.

Abin da ya fi lalata aikin mutane shi ne rana. Ledar da aka ɗaure bayan babur daga Dakoro zuwa Maraɗi da tsakar rana, tsutsar da ke ciki ta mutu kafin a iso. A sa cikin kula ko kwali, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada a sa cikin ƙanƙara, a kai cikin kwana biyu ko uku. Saiwa da kara a naɗe su cikin takarda, ba a jiƙa su.

Ina za a kai? Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna, sashen aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da ofishin kare tsirrai na jaha su ne wuraren da za a fara tambaya. A tambaya kafin a ɗebo, a ji irin gwajin da za su iya da yadda suke so a kawo.

Mataki na huɗu: abin da za ka iya gwadawa da kanka

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar na'ura. Raba ƙasar kowane yanki biyu. Rabi ka turara shi da tururi yadda zan bayyana a ƙasa, rabi ka bar shi yadda yake. Zuba kowane cikin ledoji uku ko huɗu masu huji, ka shuka iri ƙidayayye, misali ƙwaya goma a kowace: wake, tumatir, kuɓewa, da irin itacen da kake son dasawa a wurin. Ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, kuma a ɗora su kan bulo ko katako don ruwan wata kada ya shiga wata. Ƙirga waɗanda suka fito da waɗanda suka faɗi cikin mako biyu. Bayan mako biyar zuwa shida, zazzage ka wanke saiwoyi. Kuɓewa da tumatir ba sa ɓoye tsutsa. In tana nan za ka ga ƙulli. Idan na ƙasar da aka turara sun yi kyau na ɗanyar sun lalace, to abu mai rai ne ke ɓarna. Idan duka biyun sun lalace, duba irin da ka shuka, ko ruwan, ko gishiri.

Don Macrophomina, bar waken ya kai wata ɗaya, sannan ka rage masa ruwa ka matsar da shi rana. Ita sai an matsa wa tsiro take nuna kanta.

Masu son ruwa kuma tarko ake yi musu. Zuba ƙasa a gindin roba, ka ƙara ruwa mai tsabta har ya rufe ta da yatsa uku. Kada ka yi da ruwan famfo mai magani sai ya kwana a buɗe. Bayan ya kwanta, ɗora guntayen sabon ganyen lemu da ɗanyen tumatir wankakke su yi yawo a sama. Cikin kwana biyu zuwa huɗu, tabo mai ruwan ƙasa da ke faɗaɗa yana nuna akwai su. Wane iri ne, wannan aikin ɗakin bincike ne. Kai musu ganyen da wuri.

Tsutsa ana tace ta da rariya: shimfiɗa takardar goge hannu a kan rariyar, baza ƙasa giram 100, ɗora cikin faranti mai ruwa yadda zai taɓa ƙasar daga ƙasa kawai, a bari kwana ɗaya zuwa biyu. Za su sauko cikin ruwan. Sai dai yawancin tsutsotsin ƙasa ba sa cin saiwa, wasu ma amfani suke yi, kuma madubin ƙara girma ne kaɗai ke nuna mai tsinken baki da marar shi.

Mataki na biyar: me sakamakon ke cewa

Takarda za ta dawo da sunaye birjik, kada gabanka ya faɗi. Fusarium tana cikin kusan kowace ƙasa, kuma yawancinta ba ta kashe komai. Samun suna ba shi ne samun mai laifi ba. Tambayoyin da za ka yi wa takardar su ne: wannan abu ya fi yawa a wurin ciwo fiye da wurin lafiya? An same shi cikin saiwar kanta ko a ƙasa kawai? Yana tsakiyar daji ko sai bakin hanya da wurin dashe? Abin da aka samu ko'ina kaɗan-kaɗan, itatuwa kuma na tsaye lafiya, ɗan gida ne, a ƙyale shi. Abin da aka samu a wurin reno da wurin dashe kaɗai, babu shi a tsakiya, shi ne za a tashi tsaye a kansa.

Ka nemi su rubuta maka har da masu amfani, irin su Trichoderma da fumfunar da ke haɗa kai da saiwa tana jawo mata ruwa da abinci. Kuma a maimaita a wurare ɗaya shekara mai zuwa. Ɗiba ɗaya ba ta nuna ko abu na ƙaruwa.

Mataki na shida: wurin reno, inda ake cin nasara ko a faɗi

Za ka ji mai shayarwa ya ce, "Malam, ƙishirwa ce, bari in ƙara musu." Kafin ka amsa, sa yatsa cikin ledar. In da laima kuma tsiron na yaushi, ƙarin ruwa ƙarasa shi zai yi. Ka nuna masa saiwar da idonsa, wannan ya fi dogon bayani. A shayar da safe, a bar saman ƙasar ya sha iska kafin a sake. Kowace leda ta samu huji a gindi, a rage cunkoso, inuwa kada ta yi duhu.

Ƙasar cika leda kada ta fito daga garkar da aka yi tumatir, tattasai ko kuɓewa. Yashi mai tsabta da takin da ya ruɓe sarai. Tarin taki mai kyau yana yin zafin digiri 55 zuwa 65 a ciki, amma sai an juya shi gefe ya koma tsakiya.

Hanyar tsabtace ƙasa biyu ce. Ta tururi: zuba ruwa kaɗan a gindin tano, ɗora ƙarfe mai huji a kan bulo, jera buhunan ƙasa mai ɗan laima, rufe, hura wuta da kara. Ana son tsakiyar ƙasar ta kai digiri 70 ta zauna minti 30. In babu ma'aunin zafi, binne matsakaicin dankali a tsakiya. In ya dahu, ta yi. Kada a soya ƙasa a kan kwano har ta ƙone, tana fitar da abin da ke cutar da tsiro. Ta rana kuma, wadda aka fara bayyanawa a 1976: a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, baza ƙasar kaurinta kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, jiƙa ta sosai, rufe da farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, binne bakinta, a bari mako huɗu zuwa shida. Tana rage tsutsa da Pythium da irin ciyawa ƙwarai. Macrophomina ta fi jure zafi, don haka jiƙawar ba abin wasa ba ce, busasshiyar ƙasa ba ta kashe ta. Ƙasar da aka tsabtace fanko ce, duk wanda ya fara shiga shi zai mamaye. A ajiye ta a rufe, nesa da ƙasan wurin.

Ledoji kada su zauna kan ƙasa tsirara. A shimfiɗa tsakuwa ko leda mai kauri, a riƙa ɗaga su don saiwa kada ta huda ta shiga ƙasa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi na tabki. Kayan aiki a wanke laka tukuna, domin javel ba ya aiki cikin datti, sannan a jiƙa minti goma cikin javel awo ɗaya ruwa awo biyar, a ɗauraye don kada ƙarfe ya yi tsatsa. Wuƙa da almakashi alkol mai kashi 70 ya ishe su. Maganin gauraya iri da ake sayarwa cikin ƴan fakiti yana kare tsiro makonnin farko. A sayi mai rajista, a bi abin da aka rubuta, a sa safar hannu.

Mako biyu kafin dashe, zazzage leda biyar cikin kowace ɗari ka duba saiwa. Rukunin da ya nuna ƙullin tsutsa ko ruɓa ba ya fita. Na san da wuya a ce wa mai aikin da aka ƙidaya wa adadi ya ƙone dashe ɗari biyu, amma asarar leda ɗari biyu ana mayar da ita baɗi, tsutsar da ta shiga gandu kuwa ta shiga ke nan.

A ganina ma, duk inda akwai kututture mai rai, sassabin zamani, wato renon tohon da ke fitowa daga kututturen, ya fi dashe ta wannan fuska. Tun da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoman Maraɗi suka fara shi a 1983, gawo da kalgo da sabara sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, daga saiwar da ke nan tun da can, wadda ta saba da ƙasarta, ba tare da an kawo ko cokali ɗaya na baƙuwar ƙasa ba. Inda babu kututture, shuka iri kai tsaye cikin tassa shi ne na biye.

Mataki na bakwai: inda cuta ta riga ta kama

Kada a kwarara maganin fumfuna ko na tsutsa a ƙasar gandu. Ba ya kai zurfin da cutar take, yana kashe masu amfani, kuma a fadama yana gangarawa ruwan sha.

A sa alama a kewaye wurin, a karkatar da hanyar mutane da dabbobi daga gare shi, musamman lokacin da ƙasa ke da laka. A New Zealand, saboda cutar wani itacensu mai suna kauri, wuraren goge takalmi suka kafa a bakin daji, a 2018 kuma suka rufe wasu hanyoyin gaba ɗaya. Burushi da bokiti a bakin ƙofa ba su fi ƙarfin kowace ƙungiya ba. Ƙananan tsirran da suka kamu a tono su da ƙasarsu a ƙone nan take cikin rami, ba lokacin iska ba. Babban itace mai Ganoderma ba ya warkewa. In yana kusa da hanya ko gida, a sanar da ma'aikatan gandun daji su yanke shawarar sarewa, a tone kututturen, kuma kada a mayar da irinsa cikin ramin.

Inda ruwa ke kwanciya, a dasa kan tudun ƙasa, wuyan tsiro daidai da yadda yake cikin leda, kada a binne shi. Inda fari ne matsalar, rabin wata da rufe gindi da kara suna rage zafin ƙasa su riƙe laima, amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin karan da jikin tsiron, a kuma lura da gara. Fili mai tsutsa a bar shi da ciyawa irin gamba shekara biyu ko uku, a riƙa cire masu faɗin ganye, sannan a sake gwada ƙasar da kuɓewa kafin a dasa komai. Idan za a sake dashe, a gauraya iri huɗu ko biyar maimakon jera iri ɗaya, a rubuta wanda ya rayu da wanda ya mutu a kowane layi ƙarshen Oktoba da kuma ƙarshen Mayu.